Bashi Uku a Kaina, Ga Raɗe-raɗin Karayar Tattalin Arziki: Ina Mafita?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma shekara tara ke nan ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa. Tun farkon shekarar nan kamfanin ya dakatar da ɗaukar ma'aikata, ya soke alawus ɗin ƙarin lokaci, ga shi kullum labarai suna cewa tattalin arziki na dab da karyewa. Bashi uku ne a kaina: na banki da na sayi mota da shi, na wata manhajar waya da na ci don in cike giɓin wata ɗaya amma har yau ina juya shi, sai na wani aminina da ya ranta mini ba tare da ruwa ba. Idan na haɗa su, kusan kashi 45 cikin 100 na albashina ke tafiya wajen biya. Mai ɗakina ta san da na motar, ba ta san da sauran biyun ba. Wani ya ba ni shawarar in ci babban bashi guda in biya duka, in sayi kaya da ragowar in ajiye kafin farashi ya ƙara tashi. Barci ya ƙaurace wa idona. Me zan yi?

Wani magidanci

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karatu na biyu ne na lura cewa damuwa biyu ka haɗa wuri guda ka ɗora wa zuciyarka. Ɗaya ita ce ta tattalin arziki, wadda ba ni ba kai, ko gwamnan babban banki ba shi da cikakken iko da ita. Ɗayar kuwa tana cikin aljihunka da cikin wayarka, kana iya ƙirga ta, kana iya rage ta, kuma ita ce za ta nuna ko waccan ta farkon za ta kayar da gidanka ko za ta wuce ta bar ka da ɗan ƙujewa kawai. Saboda haka zan taɓa ta farkon gwargwadon abin da zai amfane ka, sannan mu zauna a kan ta biyun.

Abin da masana ke kira koma-bayan tattalin arziki, a ma'aunin da aka fi yawan amfani da shi, shi ne jimillar abin da ƙasa ke samarwa ta ragu a zango biyu na wata uku-uku a jere. Wannan lissafin ofis ne. A gidan mutum kuwa ta ƙofa ƙalilan yake shigowa: a rage ma'aikata, a yanke alawus, albashi ya tsaya cak alhali kaya na tashi, masu saye su ja baya, bankuna su tsaurara sharuɗɗan rance. Ka riga ka ga biyu daga cikinsu a wurin aikinka, don haka ba zan ce maka tsoronka banza ne ba. Sai dai ina so ka dubi abin da ya faru a baya da idon natsuwa. Karayar da ta fara da faɗuwar kasuwar hannun jari ta New York a watan Oktoba na 1929 ita ce mafi muni a ƙarnin da ya wuce, kuma zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki. A rikicin da ya tsananta bayan rushewar bankin Lehman Brothers ranar 15 ga Satumba, 2008, rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 10 cikin 100 a watan Oktoba na 2009. A 2020, lokacin annobar korona, tattalin arzikin duniya gaba ɗaya ya ragu da kusan kashi 3 cikin 100. Waɗannan shekaru sun jigata miliyoyin gidaje, amma ko a mafi muninsu, mafi yawan masu aiki sun ci gaba da aikinsu. Tambayar da ta dace da kai ita ce: su waye suka durƙushe a cikinsu?

Amsar tana kusa da wasiƙarka. A 1933 masanin tattalin arziki Irving Fisher ya yi bayanin cewa idan kuɗin shiga ya ragu, bashi ba ya raguwa tare da shi, sai ma nauyinsa ya ƙaru a kan mai shi, domin adadin da aka rubuta a takarda yana nan yadda yake. Bayan rikicin 2008 kuma, masana biyu, Atif Mian da Amir Sufi, sun bi diddigin yankunan Amurka suka nuna cewa inda gidaje suka fi cin bashi kafin rikicin, nan ne aka fi tsuke bakin aljihu da ƙarfi bayan ya auku. Ma'anar wannan a gidanka mai sauƙi ce. Abinci, sutura da zirga-zirga duk suna iya lanƙwasawa idan samu ya ragu, amma biyan bashi na wata-wata sandar ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa. Gidan da ya cika irin waɗannan sanduna shi ne iska ke fara karyawa. Babu wanda zai iya faɗa maka ranar da karaya za ta zo, ko ma za ta zo ɗin, domin manyan cibiyoyin hasashe da kansu sun sha kuskure a kan haka. Abin da kake iya sani a daren yau shi ne: idan albashi ya tsaya gobe, mako nawa gidanka zai yi kafin ka kasa biyan wani? Wannan adadin shi ne ma'aunin tsaronka, kuma duk shawarar da zan ba ka ƙoƙari ne na tsawaita shi.

Kashi 45 da ka ambata ya yi yawa, kuma gara in faɗa maka kai tsaye. Masu ba da rance a ƙasashe da dama sukan fara ɗari-ɗari da mutum idan biyan bashinsa ya haura wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu. Kai ka wuce nan, kuma ka wuce ne a lokacin da aka riga aka yanke maka alawus. Duk da haka kada wannan ya sa ka ga kanka a matsayin wanda ya lalace. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mutumin da ya iya zama ya haɗa lissafinsa har ya fitar da kaso, ya riga ya yi abin da da yawa ke gudu.

Ka samu takarda da biro, ba waya ba, domin wayar ita ce inda saƙonnin tunatarwa ke shigowa suna tsinka maka zuciya. Ka ja layi huɗu. A gaban kowane bashi ka rubuta uwar kuɗin da ta rage, abin da kake biya duk wata, kuɗin ruwan da ake ɗora maka, da abin da zai faru idan ka saɓa wa'adi. Layi na uku shi ne wanda na fi zaton ba ka taɓa cikewa ba, musamman game da manhajar nan, kuma a nan nake so mu daɗe.

Irin wannan rance yakan bayyana ruwansa a wata ko a mako, sai adadin ya yi kama da ƙarami. A ce kashi 5 cikin 100 ne a wata. Idan ba ka biya komai ba, ruwan yana hawa kan ruwa, kuma 100 da ka karɓa za ta zama kusan 180 cikin shekara guda. Akwai wata dabarar lissafi mai sauƙi: ka raba 72 da adadin ruwan, abin da ya fito shi ne kimanin lokacin da bashin zai ninka. A kashi 5 a wata, wata 14 ke nan da 'yan kwanaki. Amma kai ka ce juya shi kake yi, wato kana biyan ruwan kana sabunta uwar kuɗin, ko kana biya da safe ka sake karɓa da yamma. To a wannan hali, cikin wata 20 za ka biya daidai adadin abin da ka ranta tun farko, alhali ko ƙwandala ba ta ragu daga bashin ba. Ka kuma duba ko ana cire wani abu tun kafin kuɗin ya shigo hannunka. Idan an rubuta maka 100, aka ba ka 90, aka ce ka mayar da 100 bayan wata ɗaya, ainihin abin da ka biya ya haura kashi 11 cikin 100 a wata, ko da an kira shi kuɗin hidima. Giɓin wata ɗaya ka shiga cikewa, sai ga shi ya zama giɓin kowane wata. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Don haka wannan bashin ne za ka fara kashewa, ko da shi ne mafi ƙanƙanta. Ka ci gaba da biyan mafi ƙarancin abin da banki ke bukata, duk abin da ya saura kuwa, komai ƙanƙantarsa, ka zuba shi a kan uwar kuɗin manhajar. Ranar da ka gama, ka goge ta daga wayarka, kada ka bar ta don ko-ta-kwana, domin irin waɗannan manhajoji sukan ƙara wa mai biya a kan lokaci iyakar abin da zai iya ranta, kuma wannan tayin yakan zo ne daidai ranar da aljihu ya bushe.

Shawarar cin babban bashi kuwa rabinta tana da ma'ana, rabinta kuma haɗari ne. Haɗa basussuka wuri guda yana da amfani idan sabon ruwan ya yi ƙasa da na dā a fili, idan babu tara ko kuɗin buɗe fayil da za su cinye ragin, kuma idan an rufe tsoffin ƙofofin har abada. Amma a naka lissafin, haɗawar za ta mayar da rancen amininka, wanda ba shi da ruwa ko kaɗan, ya koma mai ruwa. Wannan asara ce tun daga ranar farko. Batun sayen kaya a ajiye ya fi ba ni tsoro. Domin ka ci riba, dole farashin kayan ya tashi fiye da ruwan bashin, da kuɗin ajiya, da abin da zai lalace, sannan ka samu mai saye a lokacin da kake bukatar kuɗin. Alhali abin da kake tsoro, wato karayar tattalin arziki, lokaci ne da masu saye ke ƙaranci, kuma kowa ke fito da abin da ya ajiye don ya samu na biyan bashi. Wanda ya ba ka shawarar yana yi maka lissafin mai jarin kansa, kai kuwa da kuɗin wani za ka shiga, da albashin da ba ka da tabbacin ɗorewarsa. Idan cinikin ya faɗi, shi zai ce maka Allah ya kiyaye gaba, kai kuma banki zai kira.

Sai motar. Na san wannan ce maganar da ba ka so a taɓa, shi ya sa ka ambace ta a gurguje. Mota ba biyan banki kaɗai take ci ba: akwai mai, gyara, inshora da takardu, ga darajarta na raguwa kowace shekara. Ka haɗa duk wannan na wata shida da suka wuce ka raba shida, ka ga ainihin abin da take ci. Sannan ka binciki abu biyu: nawa za ta yi idan aka sayar da ita yau, kuma nawa ya rage a banki. Idan kuɗinta zai rufe bashin, to sayar da ita, ko musanya ta da ƙarama, zai iya sauke mafi girman sandar da ke kanka a rana ɗaya. Idan kuwa da ita kake samun wani ƙarin kuɗi, ko babu wata hanyar zuwa aiki da kai yara makaranta sai ita, to ka riƙe ta da hujja. Abin da ba na so shi ne ka riƙe ta don gudun abin da mutane za su ce idan suka gan ka a ƙasa. Masu maganar ba su san ranar biya ba, kuma maganar tasu mako biyu za ta yi ta mutu. Ka tuna kuma idan motar jingina ce a hannun banki, ba ka sayar da ita sai da saninsa.

Tunda ka je bankin, ka tambaye su ko ruwan rancenka tsayayye ne ko mai canzawa. Wannan tambayar tana da nauyi. Daga watan Maris na 2022 zuwa Yulin 2023, babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin 100 don yaƙi da hauhawar farashi, manyan bankunan ƙasashe da yawa ma suka ɗaga nasu, kuma masu rance mai canzawa suka wayi gari biyansu ya ƙaru ba tare da sun ranci ƙari ba. Ka kuma tambaya ko suna tsawaita wa'adi don biyan wata-wata ya ragu. Tsawaitawa tana ƙara jimillar abin da za ka biya a ƙarshe, amma tana ba ka numfashi. Mai bin bashi ya fi sauraron wanda ya zo da ƙafarsa kafin ya saɓa alkawari fiye da wanda aka nemo bayan ya kashe waya.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne zuciyar wasiƙarka, ko da yake a jumla ɗaya ka faɗe shi: mai ɗakinka ba ta sani ba. Ina iya hango yadda abin yake. Kuna zaune da dare, wayar ta yi haske, ka kifa ta a kan kujera ka ce saƙon wurin aiki ne. Ta kawo maganar wata bukata ta yara, ka amsa da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ita kuma ta kwanta tana tunanin me ta yi maka. Ɗan'uwana, tana ganin canjin, dalilinsa ne kawai ba ta sani ba, kuma zuciyar da ba a ba ta dalili ba takan ƙirƙiro wanda ya fi gaskiyar muni. Bayan haka, akwai matsala ta lissafi tsantsa. Ita ce ke riƙe da babban ɓangaren kashe kuɗin gida, kuma tana tsara shi ne a kan albashin da take zaton yana nan, alhali kusan rabinsa ya riga ya tafi kafin ya iso ƙofa. Babu yadda gida zai rayu daidai ƙarfinsa idan ɗaya daga cikin masu tafiyar da shi bai san iyakar ƙarfin ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci kuma babu wanda ke cikin fushi. Ka ajiye takardar nan a tsakaninku, ka faɗa mata adadin gaba ɗaya, kada ka rage komai don ka sassauta, domin ragowar da ta gano daga baya za ta fi ta farkon ciwo. Ka ce ka yi kuskure da ka ɓoye, ka faɗi dalilin da ya sa ka ci bashin ba tare da ka jingina shi ga bukatunta ba. Tana iya yin fushi, tana iya yin kuka, kuma tana da haƙƙin hakan. Ka ba ta lokaci. Kada kuma ka shiga zancen da niyyar ta sayar da abin hannunta ta fitar da kai. Idan ta kawo tayin da kanta, ku rubuta shi a matsayin rance, ka biya ta kamar yadda za ka biya kowa. A abin da na gani cikin shekarun da nake amsa irin waɗannan wasiƙu, mata da yawa sun fi jin zafin ɓoyewar fiye da adadin kuɗin, kuma sau da yawa su ne ke gano inda za a rage wanda mijin bai taɓa lura da shi ba.

Amininka ma ka je ka same shi, kada ka bari shirunka ya zama amsa. Rancen da babu ruwa shi ne mutane ke jefawa ƙarshen layi, har zumunci ya yi tsami ba a ce komai ba. Ka faɗa masa halin da ake ciki, ka sa masa wata takamaimai da za ka fara biya, ka riƙa ba shi wani abu duk wata ko da kaɗan ne, ku kuma rubuta.

Game da rage kashe kuɗi, kada ku fara da ƙananan abubuwan da ke sa yara farin ciki, domin ragin da za a samu a nan bai taka kara ya karya ba, sai dai ya cika gida da ƙunci. Ku rubuta duk abin da ya fita na wata ɗaya cur, sannan ku dubi manya: haya, mota, kuɗin makaranta, biyan wata-wata na abubuwan da aka manta an yi rajistarsu, da hidimomin da ake yi don idon jama'a. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Abinci mai gina jiki, magani, matsuguni da karatun yara su ne na ƙarshe da za a taɓa. Kuma har sai ka fita daga wannan hali, kada ka tsaya wa kowa a rance, domin wanda ya sa hannu ya ci bashin ne ko da bai ga kuɗin ba.

Da zarar bashin manhajar ya mutu, kuɗin da kake zuba masa kada ya narke cikin cefanen yau da gobe. Ka karkatar da shi zuwa ajiyar gaggawa a wani asusu dabam. Abin da aka saba ba da shawara shi ne a tara na wata uku zuwa shida, amma kai ka fara da burin wata ɗaya, domin rashin na wata ɗayan ne ya kai ka ga manhajar tun farko. A wurin aiki kuma ka karanta takardar ɗaukarka ka san haƙƙinka idan aka sallame ka, ka sabunta takardunka, ka farfaɗo da hulɗa da tsoffin abokan aiki, amma kada ka ajiye aikin da ke hannunka saboda jita-jita.

Labaran tattalin arziki ka ware musu lokaci ɗaya a rana, da hantsi, kada ka kai su gado. Idan rashin barcin ya ɗauki makonni, ko ka ga ka daina cin abinci, ko wani mummunan tunani ya fara zuwa maka, ka ga likita ba tare da jinkiri ba, domin wannan ma ɓangare ne na lissafin gidanka. A makon nan abu uku nake jira daga gare ka: takardar mai layi huɗu, zaman da mai ɗakinka, da ziyarar banki. Idan ka cike layi na uku, ka aiko mini da ainihin kuɗin ruwan manhajar da ragowar bashin motar, sai mu lissafa tare wata nawa ya rage maka.